Tarihin Bututun Hayaƙi da Masu Share Shi a Ƙasar Ingila

1.0 Gabatarwa

Wuta tana daga cikin abubuwan da ɗan Adam ba ya iya rayuwa sai da su, amma tun ranar da ya shigar da ita cikin ɗaki ya ɗauko wa kansa matsaloli guda biyu, wato hayaƙi da gobara. Kowace al'umma ta nemi hanyar bi da waɗannan matsaloli gwargwadon yanayin ƙasarta. A ƙasashen da sanyi kan cinye kusan rabin shekara, irin su Ingila, babu damar a bar wuta a waje, don haka sai aka gina wa hayaƙi hanya ta musamman a jikin bango, wadda zai bi ya fita ta saman rufi.

Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin wannan hanya ta hayaƙi a Ingila, da yadda aka riƙa kula da ita, tun daga ƙarni na 12 har zuwa shekarar 1875, lokacin da aka daina tura ƙananan yara cikinta domin shara. Abin da ake son nunawa shi ne, sanin illar abu da samun kayan aikin kauce masa ba su isa su kare rayuka ba. Likita ya bayyana cutar da ke kama yaran tun 1775, an kuma ƙera na'urar da za ta maye gurbinsu tun 1803, amma yara suka ci gaba da mutuwa a cikin bango har sai da aka ɗora wa wata hukuma takamaimiya alhakin sa ido.

2.0 Bayanin Wasu Kalmomi

Harshen Hausa yana da wadatar kalmomin da suka shafi wuta, kamar murhu da garwashi da rushi da toka da gawayi da tartsatsi da bakin wuta da kunkunniya. Sai dai ba shi da kalma tilo ta gargajiya da ke nufin ginanniyar hanyar fitar hayaƙi. Dalilin haka a fili yake: Bahaushe yakan yi girki a tsakar gida ko a madafa da ke ware da ɗakin kwana, hunturunsa kuma 'yan watanni ne. Saboda haka a wannan maƙala za a yi amfani da "bututun hayaƙi", ko "bututu" a taƙaice. "Murhun bango" na nufin buɗaɗɗen wurin hura wuta da ke gindin bututun, "murhun ƙarfe" kuwa rufaffen akwatin ƙarfe ne da ake ƙona itace a cikinsa. An bar "kunkunniya" a ma'anarta ta baƙin garin da hayaƙi ke bari, sannan aka kira baƙin abu mai kama da kwalta da hayaƙin itace ke mannawa a cikin bututu da sunan "danƙon hayaƙi".

Yana da kyau a san yadda bututun ke aiki. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, don haka takan tashi sama ta cikin bututu, ta jawo sabuwar iska daga ɗaki zuwa ga wutar. Yayin da hayaƙi ke hawa yakan huce, sai ya bar kunkunniya da danƙo a jikin bango. Ɗanyen itace da wutar da ba ta ci sosai su ne suka fi tara wannan danƙo. Idan ya taru yana iya kamawa da wuta, zafinsa ya haura digiri 1,000, ya tsattsaga ginin ya isa ga katakon rufi. Idan kuwa ya toshe hanyar, hayaƙi yakan dawo ɗaki tare da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Waɗannan haɗurra biyu su ne suka wajabta shara.

3.0 Daga Murhun Tsakar Ɗaki Zuwa Bututu

A zamanin da, mutanen Ingila, sarakunansu da talakawansu, a tsakiyar babban ɗaki suke hura wuta. Hayaƙi yakan cika ɗakin kafin ya samu wata kafa da aka bari a ƙololuwar rufi, ko ya ratsa ta cikin jinka. Gidajen na katako ne, rufinsu na ciyawa, don haka tartsatsi guda yana iya cinye unguwa. Wannan ne ya haifar da al'adar kaɗa ƙararrawa da daddare domin kowa ya rufe wutarsa da toka ko da wani murfi. Kalmar Ingilishi ta curfew, wadda a yau muke fassarawa da "dokar hana fita", ta samo asali ne daga tsohon Faransanci, ma'anarta kuwa ita ce "rufe wuta". Haka kuma bayan wata mummunar gobara a shekarar 1212, hukumomin birnin Landan sun hana yin sabon rufin ciyawa a cikin birnin.

Bututun hayaƙi ya fara bayyana ne a ƙarni na 12, a fadoji da ganuwoyin dutse masu hawa-hawa, inda ba shi yiwuwa a huda rufin bene na ƙasa. Ɗaya daga cikin mafi tsufa da suka rage shi ne na fadar Conisbrough da ke lardin Yorkshire, wadda aka gina wajen 1185. An ɗauki kusan shekara 400 kafin abin ya kai ga gidajen talakawa. Wani limamin coci mai suna William Harrison, a bayanin ƙasar Ingila da ya wallafa a 1577, ya ambaci cewa dattawan ƙauyensu suna mamakin yawan bututan da aka gina a zamanin, alhali a ƙuruciyarsu ba a samun fiye da biyu ko uku a yawancin garuruwan karkara.

4.0 Kwal da Haraji da Gobara

Abubuwa uku ne suka sauya siffar bututu a ƙarni na 16 da na 17. Na farko shi ne ƙarancin itace da tsadarsa a birane, wanda ya sa mutanen Landan suka koma ga kwal da ake kawowa ta jirgin ruwa daga Newcastle. Hayaƙin kwal ba ya shaƙuwa kamar na itace, dole sai da bututu, kuma wutar kwal ta fi son matsattsiyar hanya mai jan iska da ƙarfi. Tun 1661 John Evelyn ya rubuta wa Sarki Charles na II ƙasida yana kuka da hayaƙin da ya turnuƙe birnin.

Na biyu shi ne harajin murhu da aka ƙaƙaba a 1662, inda ake biyan sule 2 a shekara a kan kowane murhu. Jama'a sun ƙi jinin wannan haraji, musamman da yake masu karɓarsa suna shiga har cikin gida su ƙirga. Wasu suka riƙa toshe murhunsu ko yin wasu dabaru masu haɗari. A watan Yuli na 1684 gobara ta cinye gidaje 20 ta kuma kashe mutum 4 a ƙauyen Churchill na lardin Oxford, aka ce wata mai gasa burodi ce ta fasa bango ta haɗa tandarta da bututun maƙwabta don gudun haraji. An soke harajin a 1689.

Na uku ita ce babbar gobarar Landan, wadda ta tashi a gidan burodi da ke layin Pudding ranar 2 ga Satumba, 1666, ta yi kwana huɗu tana ci, ta lashe gidaje kimanin 13,200 da coci-coci 87. Dokar sake gina birnin ta 1667 ta wajabta yin gini da gasasshen tubali ko dutse. Sabbin gidajen da suka biyo baya dogaye ne, kowane ɗaki da murhunsa, kowane murhu da hanyarsa ta hayaƙi, hanyoyin kuma suna lanƙwashe-lanƙwashe a cikin bango kafin su haɗu a kan rufi. Faɗin da aka fi yi shi ne inci 9 a inci 14, wasu ma inci 9 a inci 9 ne kawai. An rage haɗarin gobarar katako, amma aka samar da wata hanya wadda babban mutum ba ya iya shiga, tsintsiya kuma ba ta iya bin kwanoninta. Wannan shi ne Hausawa ke cewa an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

5.0 Yara Mahaya Bututu

Maganin da aka samo shi ne yaro. Masu sana'ar shara sukan ɗauko marayu daga gidajen gajiyayyu, ko su sayi yara a hannun iyaye matalauta, da sunan koyon sana'a na shekara 7. Yawancinsu 'yan shekara 6 zuwa 8 ne, akan samu ma 'yan shekara 4. Yaron yakan hau ne da gwiwoyi da gwiwar hannu da gadon baya, yana riƙe da buroshi a saman kansa, kunkunniya tana zubo masa. Kafin fatarsa ta yi kanta, ubangidansa yakan goge masa raunukan da ruwan gishiri a gaban wuta. Wanda ya ji tsoro ya tsaya, akan turo wani yaro ya soke shi da allura a tafin ƙafa, ko a hura ciyawa a ƙarƙashinsa. Akan tura su har cikin bututun da bai huce ba, wani lokaci ma don su kashe wutar da ta kama a ciki.

Kunkunniyar da aka tara ubangida ne ke sayar wa manoma a matsayin taki, ban da ladan shara da yake karɓa. Yaron ba shi da albashi, sai ɗan abinci da wurin kwana, sau da yawa a ɗakin ajiyar kunkunniyar, ya lulluɓa da buhun da ya yi aiki da shi. Kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Babban haɗarin shi ne yaro ya maƙale a lanƙwasa, gwiwoyinsa su haɗu da haɓarsa, ko tarin kunkunniya ya rufto masa ya shaƙe shi. Idan haka ta faru sai an fasa bango kafin a ciro shi, sau da yawa kuma gawa ake cirowa.

5.1 Binciken Likita Pott

A shekarar 1775 Percivall Pott, likitan fiɗa a asibitin St Bartholomew da ke Landan, ya wallafa bayani a kan wani ciwon daji da ke kama fatar maraina, wanda ya lura ya fi yawa ga masu sharar bututu. Ya danganta shi da kunkunniyar da ke maƙalewa a fatar tun suna yara, ciwon kuma ba ya bayyana sai bayan sun balaga. Ana lissafa wannan a matsayin karo na farko da aka nuna alaƙar ciwon daji da wani abu da mutum ke cuɗanya da shi a wurin sana'a. A 1892 wani likita, Henry Butlin, ya nuna cewa ciwon bai yi yawa ba a wurin masu shara na ƙasashen Turai irin su Jamus, saboda suna sa matsattsun tufafin kariya suna kuma wanka kullum. Sai a 1933 masana a Landan suka ware sinadarin da ke haddasa ciwon daga cikin kwaltar kwal.

5.2 Gyaran Murhu

A daidai wannan zamani an samu ci gaba a fasalin murhun kansa. A Amurka, Benjamin Franklin ya ƙera murhun ƙarfe wajen 1742 don rage asarar zafi da itace. A Landan kuwa Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Count Rumford, ya wallafa tsarinsa a 1796: a rage zurfin murhun bango, a karkata gefunansa don su mayar da zafi ɗaki, a kuma matse maƙogwaron bututu don hayaƙi ya daina dawowa. Abin lura a nan shi ne, da ya matse maƙogwaron sai ya tanadi wata 'yar ƙofa ta tubalin da ake cirewa domin mai shara ya samu wurin wucewa. Wato har masu gyara na wancan lokaci sun ɗauki shigar yaro cikin bango a matsayin abin da babu makawa.

6.0 Na'ura da Jerin Dokoki

Mutumin da ya fara ɗaga murya sosai shi ne Jonas Hanway, wanda fafutukarsa ta kai ga dokar 1788. Dokar ta ce kada a ɗauki yaron da bai kai shekara 8 ba, kada ubangida ya riƙe fiye da yara 6, a yi musu wanka sau ɗaya a mako, a bar su su je coci ranar Lahadi. Sai dai majalisar masu sarauta ta cire sashen da ya tanadi ba da lasin, don haka babu wanda aka ɗora wa aikin bincike, dokar ta tsaya a takarda.

A 1803 aka kafa ƙungiyar neman kawar da buƙatar yara mahaya bututu. A wannan shekara George Smart ya fito da na'urarsa: gajerun sanduna masu rami da aka zura wa igiya, da buroshi a kai, ana tura su daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya. A 1828 Joseph Glass ya inganta ta da sandunan gora masu lanƙwasuwa da ake ɗaurawa da mahaɗin tagulla, irin wadda har yau ake amfani da jikokinta. Na'urar tana iya share mafi yawan bututai, sauran masu mugun kwana kuwa abin da suke bukata shi ne a huda musu ƙananan ƙofofin kwashe kunkunniya.

Duk da haka ba a karɓe ta ba. Masu gidaje, musamman manya, ba su son kashe kuɗin gyaran bututansu, suna kuma cewa yaro ya fi sharewa tas. Iyayen gidan sana'a kuwa sun ga yaro ya fi araha. Wani kwamitin majalisar wakilai a ƙarƙashin Henry Grey Bennet ya saurari shaidu a 1817 ya ba da shawarar a hana hawan yara, amma ƙudurorin da suka biyo baya a 1818 da 1819 suka mutu a majalisar masu sarauta.

Dokar 1834 ta ɗaga shekarun ɗaukar yaro zuwa 10, ta kuma ƙayyade faɗin sabbin bututai da yadda kwanoninsu za su kasance. Dokar 1840 ta haramta wa duk wanda bai kai shekara 21 ba hawa bututu. Wata dokar birane ta 1847 ta sa tarar da ta kai sule 10 ga wanda bututunsa ya kama wuta saboda sakaci, da fam 5 ga wanda ya cinna masa wuta da gangan, domin wasu sukan yi haka ne a madadin shara. Amma hukumar binciken aikin yara ta gano a 1863 cewa al'adar tana nan, a wasu garuruwa ma ƙaruwa take yi. A wannan shekara ce littafin Charles Kingsley mai suna The Water-Babies, wanda tauraronsa yaro ne mai sharar bututu, ya taɓa zukatan jama'a. Lod Shaftesbury ya samu aka yi wata doka a 1864 mai tarar fam 10, ita ma ba ta yi tasiri ba, saboda mai gida da mai shara duk suna da riba a cikin yin shiru, yaron kuma ba shi da bakin kai ƙara.

A watan Fabrairu na 1875 aka tura George Brewster, yaron da bai wuce shekara 12 ba, cikin wani bututu a asibitin Fulbourn kusa da Kambirij. Ya maƙale, aka rushe bango aka ciro shi, ya rasu jim kaɗan bayan haka. Kotu ta ɗaure ubangidansa wata 6 da aiki mai tsanani. Shaftesbury ya riƙe wannan shari'a ya koma majalisa, aka zartar da dokar 1875. Bambancinta da na baya shi ne, ta wajabta wa kowane mai shara karɓar lasin daga 'yan sanda duk shekara, ta kuma ɗora wa 'yan sanda aikin tabbatar da dokokin da suka gabata. Mai karya doka yanzu yana iya rasa sana'arsa baki ɗaya. Daga nan al'adar ta mutu, shekara 100 cif bayan rubutun Pott, shekara 72 bayan na'urar Smart.

7.0 Bayan 1875

Matsalar hayaƙi ba ta ƙare da ta yara ba. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba, 1952, hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya rufe Landan. Ƙiyasin farko ya nuna mutuwar mutum kimanin 4,000, binciken baya kuma ya kai adadin kusan 12,000. Wannan ya haifar da dokar tsabtace iska ta 1956, gidaje da yawa suka koma ga gas da lantarki. Da murhun ƙarfe mai amfani da itace ya sake samun karɓuwa, sai hukuma ta koma ga tsoffin haɗurran nan biyu. Tun 2015 doka ta wajabta wa masu ba da hayar gidaje a Ingila sanya na'urar gargaɗin kabon monoksaid a ɗakin da ake ƙona itace ko kwal. Daga Mayu 2021 kuma aka hana sayar da itacen hura wuta a ƙananan ɗauri idan danshinsa ya wuce kashi 20 cikin 100. Ƙa'idojin da masu sana'ar ke bayarwa a yau ba su da yawa: a share bututu aƙalla sau ɗaya a shekara, a ƙona busasshen itace, kada a danne wuta ta kwana tana hayaƙi, kada kuma a toshe kafar shigar iska.

Ƙa'ida ta ƙarshe ta shafe mu kai tsaye, ko da yake ba mu da bututu. Kaskon garwashi da ake shigarwa ɗaki a lokacin hunturu, a rufe ƙofa da taga a kwanta, yana fitar da wannan iska mai kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020, mata da ƙananan yara kuma su ne suka fi zama kusa da murhu.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an yi ƙoƙarin bin tarihin bututun hayaƙi a Ingila tun daga murhun tsakar ɗaki, aka nuna yadda kwal da tsarin gini bayan gobarar 1666 suka matse shi, da yadda nauyin share shi ya faɗa a kan 'ya'yan marasa galihu. An ga cewa dokoki huɗu, na 1788 da 1834 da 1840 da 1864, sun kasa, saboda ba su ambaci wanda zai bincika ba, ta biyar kuwa ta yi nasara saboda ta ambata. Ta fuskar harshe, kalmomin da aka yi amfani da su a nan shawara ce kawai. Akwai bukatar masana su daidaita sunan da za a ba kabon monoksaid a Hausa da sauran harsunan Nijeriya, domin gargaɗin da ake yi wa jama'a a kan kasko a rufaffen ɗaki ba zai shiga ba matuƙar mai sauraro yana ɗauka cewa inda babu hayaƙin da ido ke gani babu haɗari.